Kamanja da Ƙayar Dabino

Omdurman, Janairu 1979

Zuwa ga ƙanena Taifur,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan kana lafiya, kai da mutanen Nuri baki ɗaya. Mu nan lafiya lau, sai ciwon gwiwa da ya zama ɗan gida.

Bayan haka, ka san ba na kewaye-kewaye. Matar Gurashi ta zo ganin likita, ta sauka a wurina, kuma abin da ta faɗa mini bai yi mini daɗi ba. Ta ce tun da ka ajiye aikin jirgin ƙasa ka koma lambun Baba, ba abin da ake ji daga can sai kukan kamanja. Ta ce ka sayo gogen nan irin na makaɗan rediyo, mai tsirkiya huɗu, ka tokare shi da haɓa kana ta gurza, hanyar ruwa kuwa ciyawa ta cinye ta. Na san matar Gurashi ba ta raina abin magana. To amma ko na zubar da rabin zancenta, rabin da ya rage ya ishe ni baƙin ciki.

Bari in tuna maka, ko kiɗa ya mantar da kai. Ranar da dangi suka zauna, kowa cewa ya yi a ba Gurashi lambun. Ɗan baffanmu ne, manomi ne, a gindin dabino ya girma. Ni kaɗai na tsaya na ce ɗan mai lambu yana raye, a ba shi shekara guda a gani. Da bakina na ce in dabinon bana bai yi ba, ni zan fara cewa a karɓe. Ba ni da niyyar lashe amaina a gaban dangi. In kuwa aka karɓe, ba ka da inda za ka nufa sai ɗan ɗakin nan na gidan ɗanka a Omdurman, ka zauna kana kallon bango, surukarka tana miƙo maka shayi ta taga.

Ga lokacin barbarar dabino ya matso, an kuma ce mini Ajib mai hawa ya bi sauran samari Saudiyya. Wa zai hau maka? Taura biyu ba ta taunuwa, Taifur. Ka zaɓi ɗaya.

Ka amsa mini da gaskiya, ban da barkwancin nan naka.

Ka huta lafiya ake cewa, to kai ban ce ka huta ba, ka tashi ka yi aiki.

Yayarka,
Sittana

Nuri, Janairu 1979

Zuwa ga Yaya Sittana, shugabar makaranta har bayan ritaya,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi. Takardarki ta iso, a tsaye na karanta ta kamar ɗalibin da ya makara. Allah ya kawo wa gwiwa sauƙi.

Kin ce ban da barkwanci, to zan gwada, amma ban yi alkawari ba.

Gaskiya ne na sayi kamanja, ba zan ɓoye ba, don ba abu ne mai ɓoyuwa ba, har jakunan ƙetaren kogi sun san da ita. Yaya, ke kin yi aikinki cikin mutane. Ni rabin rayuwata a tashoshin hamada na yi ta, waɗanda ko suna ba su da shi sai lamba. In jirgi ya wuce, daga ni sai yashi sai rediyo. In masu kamanja suka ja doguwar muryar nan, sai in ji ta har cikin raina, in rasa wanda zan faɗa wa. Matata Batul, Allah ya jiƙanta, takan ce in na yi ritaya in saya, ita za ta nemi auduga ta toshe kunne. Ba ta kai ba. Ni kuwa na saya, kuma gemu ba ya hana ilimi.

Amma cewa na bar lambu, wannan ƙage ne. Kullum kafin rana ta fito ina bakin kogi ina lallashin injin ban-ruwa, wanda ya girme ni ya kuma fi ni taurin kai. Ciyawar hanyar ruwa in na nome ta ran Asabar, ran Talata ta dawo tana gaishe ni. Lemun tsami ruwa yake so, mangwaro yana fure ba ya so, gwaiba kuwa tsuntsaye suka ɗauke ta tasu ce. Awakin maƙwabciyata Inna Ammuna sun mai da shingena ƙofar gari. Sai rana ta take, lokacin da ko kare ba ya motsi, nake zama gindin mangwaro in ɗauki kamanja. A cikin hutuna nake cira, ba a cikin haƙƙin lambu ba.

Kin dai san Inna Ammuna. Shekaranjiya ta leƙo ta kan shinge ta ce, “Taifur, akuyar nan da kake yankawa tun ɗazu in ta ƙi mutuwa, zo in ara maka wuƙa mai kaifi.” Na ce, “Inna, kiɗa ne.” Ta ce, “To, Allah ya ba shi lafiya.”

Batun barbara kuwa, ki kwantar da hankalinki. Wanda ya shekara da shekaru yana tsara shigar jirage da fitarsu ba tare da biyu sun taɓa karo ba, itatuwan da ke tsaye wuri ɗaya ba za su gagare shi ba. Na riga na yi musu jadawali. Buhunki na kaka yana nan tafe, ki tanadi haƙora.

Ki gaida yara da jikoki.

Ƙanenki mai biyayya,
Taifur

Nuri, Fabrairu 1979

Zuwa ga malamina kuma mutumina Karrar, a Atbara,

Sallama irin ta tsofaffin ma'aikatan jirgi. Yaya iyali, yaya 'yan kulob ɗinmu? Ka ce ina gaida duk wanda bai mutu ba.

In fara da karatu. Abin da ka koya mini kafin in taso ina nan ina bi. Bakan ya daina rawa a hannuna, kuma waƙar nan ta farko na kai rabinta ba tare da tantabaru sun tashi ba. Damuwata hannu ce. Da safe fartanya, da rana tsirkiya. Fartanya tana son hannu ya yi kanta, kamanja tana son ya yi laushi, ni kuwa hannu biyu Allah ya ba ni. Ƙaramar tsirkiyar ta tsinke saboda bushewar iska. Ka aiko mini da wata, da ɗan ƙaron da ake goga wa izga.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Ka san sharaɗin da yayata Sittana ta gindaya: in dabinon bana bai yi ba, lambun ya koma hannun ɗan baffanmu Gurashi, ni kuma a kwashe ni zuwa Omdurman kamar tsohon kaya. To na yi wata wauta, wadda ba mai yin irinta sai ma'aikacin jirgi.

Kai ɗan birni ne, bari in yi maka bayani. Macen dabino ba ta yin 'ya'yan kirki sai an hau an ɗauko furen namiji an cusa a cikin nata an ɗaure. Wannan na sani tun ina yaro. Sai na zauna na tsara abina. Na sa Juma'ar ƙarshen wata, in samo mai hawa, a bi su layi-layi a gama a yini guda. Na ji daɗin kaina ƙwarai.

Ina zaune ina gurza, sai Inna Ammuna ta kira ni ta shinge. Ta ce, “Kai mai akuya, ka ɗaga kanka sama kuwa kwanan nan?” Na ce me ya faru. Ta ce, “Ukun nan na kusa da shingena sun buɗe tuni, har furen ya fara canza launi.” Na ce, “Ai ranarsu ba ta zo ba, Juma'ar ƙarshen wata na sa musu.”

Karrar, da ka ga kallon da tsohuwar nan ta yi mini. Ta ce, “Kai ka sa musu? To je ka faɗa musu, wataƙila ba su ji ba. Ɗan nan, ka bar garin nan tun ba ka san hagunka da damanka ba. Macen dabino in ta buɗe, 'yan kwanaki take jira, in ba a zo ba ta wuce. Holoƙo za ka girba, ba ƙwallo ba zaƙi, ko jaki sai ya yi shawara kafin ya ci. Kuma ba sa buɗewa tare. Yau wannan, jibi waccan, har sai an gaji. Uwarka ma ba rana ɗaya ta haife ku ba.”

Na haye kogi zuwa Karima neman mai hawa. Ɗaya na samu, shi ma mutane sun yi masa layi har bayan lokaci. Sauran duk suna Saudiyya da Libiya. A nan Nuri mutum ɗaya ne ya rage da ya iya hawa da gaske, kuma ka san ko wane ne. Gurashi. In na je na ce masa zo ka hau mini, ai na miƙa masa lambun ke nan da hannuna, har da godiya.

Don haka ni zan hau. Na hau ina yaro, ƙafa ba ta mantuwa. Ka yi mini addu'a, ban da wa'azi.

Ɗalibinka,
Taifur

Atbara, Fabrairu 1979

Ɗan'uwa Taifur,

Aminci ya tabbata a gare ka. Iyali lafiya, 'yan kulob suna amsawa. Ga tsirkiya da ƙaro nan na ba direban jirgin Karima.

Ka ce ban da wa'azi. Ka yi haƙuri, wa'azin zan yi. Kada ka hau. Ban san dabino ba, amma na san ƙayarsa, na kuma san hannu. Muna da wani maƙeri a wurin gyaran jirage da ƙayar dabino ta soke shi a gaɓar yatsa lokacin da ya je hutu gida. Har ya bar aiki yatsan nan a miƙe yake kamar ƙusa. Shi guduma yake riƙewa, ya ci gaba da cin abincinsa. Kai kuwa hannunka na hagu shi ne kamanjar, katakon nan ado ne kawai. Ban ma yi maganar faɗowa ba, da shekarunka.

Ka je wurin Gurashi. Ɗan'uwanka ne, ba Bature mai duba tasha ba. Girman kai rawanin tsiya, kuma kai hula ta fi yi maka kyau.

Game da karatu, kada ka danne baka da ƙarfi, ba katako kake sara ba. Ka bar shi ya yi tafiyarsa.

Allah ya tsare.

Naka,
Karrar

Nuri, Maris 1979

Karrar,

Gaisuwa. Saƙo ya iso, na gode. Takardarka ta same ni na riga na hau, don haka wa'azinka ya makara kamar jirgin kaya.

Da farko abin ya yi kyau, wallahi. Ƙafa ba takalmi, igiya a ƙugu, lauje a ɗamara, furen namiji cike da aljihu. Ƙafa ta tuna, gwiwa ce ta manta. Da na kai sama na hango kogi da dutsen Barkal, sai na ji kamar an cire mini shekara arba'in. Inna Ammuna tana ƙasa tana cewa, “Sauko, tsohon kawai, ni ba ni da ƙarfin ɗaukar gawa.” Na ce ta matsa kada in faɗo mata a kai a yi biyu. Haka na yi ta bi, duk wadda ta buɗe in hau. Na yi kusan rabi.

Masu hawa suna fara share ƙayoyin gindin ganye da lauje kafin su zura hannu. Na san haka, ina kuma yi. Amma ran nan da yawa suka buɗe lokaci guda, ga shi ranar ruwana ce, inji yana can yana tari yana neman mutuwa. Na ce bari in yi sauri a kan wannan ɗaya. Na zura hannun hagu. Ƙaya ta shige gaɓar yatsana na tsakiya, na ji ta karye a ciki.

Na zare abin da ya zaru. Inna Ammuna ta ɗaure mini da lalle da gishiri. Na ce gobe zai wuce. Bai wuce ba. Yanzu yatsan ya yi suntum kamar kuɓewar da ta wuce tsinka, bayan hannun ya tasa, akwai wani jan layi da ya kama hanyar tsintsiyar hannu. Zazzaɓi yana zuwa yana tafiya. Jiya na ɗauki kamanja in gwada sabuwar tsirkiyarka, ina ɗora yatsan sai da na ga taurari. Na mai da ita cikin akwatinta na rufe.

Na san abin da za ka ce. Asibiti yana ƙetaren kogi, ba nisa. To in na je kwantar da ni za su yi, sauran dabinon kuwa ba za su jira ni ba, na koyi wannan darasin. Kuma Nuri ƙaramin gari ne. Kafin in hau jirgin fito matar Gurashi ta ji, kafin in sauka Omdurman ta ji. Don haka ina nan ina hawa da hannu ɗaya da rabi, a hankali. In na gama, sai in je.

Kai kaɗai zan faɗa wa, tsoro nake ji. Ba na son ɗakin nan na Omdurman, Karrar. A nan in na tashi da safe akwai abin da ke jirana, ko da ciyawa ce. A can ba abin da zai jira ni sai abinci.

Amana na ba ka. Kada Sittana ta ji.

Taifur

Atbara, Maris 1979

Zuwa ga Malama Sittana,

Aminci da rahamar Allah su tabbata a gare ki. Ni ne Karrar, abokin aikin ƙanenki Taifur, wanda ya zo muku gaisuwar rasuwar Batul. Ni ne kuma na koya masa riƙon kamanja, in akwai laifi a nan na ɗauka.

Malama, amana aka ba ni, zan kuma ci ta da sanina, Allah ya yafe mini. Taifur bai samu mai hawa ba, ya kuma ƙi zuwa wurin Gurashi don kada a ce ya gaza. Shi da kansa yake hawan dabino. Ƙaya ta karye masa a yatsa, hannun ya kumbura, jan layi ya fara hawa, yana zazzaɓi. Ya ƙi zuwa asibiti har sai ya gama barbara, kuma har yanzu hawa yake da hannun a haka.

Ba lalaci ne ya kai shi nan ba, ina so ki san wannan. Tsoron a karɓe lambun ne.

Ni in na je ba zai ji maganata ba, dariya zai mai da ni. Ke kaɗai yake tsoro a duniya. Na ba direban jirgin yau wannan takarda hannu da hannu don ta same ki da wuri. In kin taso, zan tsaya miki a tashar Atbara da abinci da ruwa.

Ki gafarce ni da shiga abin da ba nawa ba.

Mai girmama ki,
Karrar

Nuri, Afrilu 1979

Zuwa ga maci amana, malamina Karrar,

Gaisuwa, duk da ba ka cancanta ba. Na so in yi fushi da kai na wata guda, amma na kasa kai mako. Yatsana yana nan a jikina, kuma in ba don bakinka da ba ya riƙe magana ba, da yanzu an binne shi ya riga ni.

Ka ga Yaya a tasha, amma ba ka ga saukarta ba. Ina gindin dabino ina fama da ɗaurin igiya da haƙori, sai na ji an ce, “Taifur.” Muryar nan da ta shekara talatin tana tsai da 'yan mata a layi. Na juya, ga ta da sanda, mayafinta duk ƙurar jirgi. Na ce, “Yaya, sannu da zuwa, kin zo duba lambu?” Ko ɗaga kai ba ta yi ta dubi dabinon ba. Ta ce, “Miƙo hannun.” Na miƙa na dama. Ta ce, “Ni za ka yi wa wayo? Ni na yi maka wanka kana jariri, ni na goye ka.” Na miƙa na hagu. Ta kwance tsumman, ta duba, ta mai da shi ta ɗaure. Ta ce, “Wuce mu tafi.” Na ce akwai biyu da suka buɗe yau. Ta ce, “Su buɗe har su yi magana.”

Inna Ammuna tana kan shinge tana cewa, “Yawwa, Sittana, ja shi da kunne, ni na yi na gaji.”

Likitan Karima yaro ne, bai kai ɗana ba, amma hannunsa da sanyi. Ya tsaga gaɓar ya ciro tsinin ƙayar, ya nuna mini a kan auduga. Ɗan mitsitsi, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ya ce, “Baba, da ka ƙara jinkiri da yatsan za mu cire, wataƙila har da abin da ya fi yatsa.” Suka kwantar da ni suna ta ɗirka mini allura. Yaya tana kan tabarma kusa da gadon da gwiwarta mai ciwo, ba ta ce mini uffan game da lambu ba. Ni kuwa ina kwance ina ganin dabinon nan a idona suna buɗewa suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Na riga na sallama. Har na fara tunanin inda zan rataye kamanja a ɗakin Omdurman.

Ranar da aka sallame ni muka hayo, na shiga lambu ina jan ƙafa, ba na son ɗaga kai. Da na ɗaga, sai na ga kowace mace a ɗaure tsaf, ƙayoyi a share, irin aikin da ni ban iya ba. Can sama a kan ta ƙarshe ga mutum yana ɗauri. Gurashi.

Ya sauko yana karkaɗe hannu. Ya ce, “Ɗan baffa, sannu da jiki. Me ya hana ka kira ni?” Na ce, “Ka san abin da ya hana.” Ya ce, “Na sani. Lambun nan ina sonsa, ban taɓa ɓoyewa ba, gobe ma in an ba ni zan karɓa. Amma dabinon da ya buɗe ba a barinsa ya wuce, ko na maƙiyi ne, balle wanda baffana ya dasa. In na zuba ido ya yi holoƙo don in ci riba, da wace fuska zan shiga masallaci?” Ya ɗauki laujensa, ya ce inji ma ya zuba masa mai, ya tafi. Ko shayi bai tsaya sha ba.

Kunya ta kama ni har ƙafa, Karrar. Na ji daɗi, na kuma ji tsoro, don yanzu in dabino ya yi, kowa zai ce aikin Gurashi ne. Na tambayi Yaya a ina muka tsaya. Ta ce, “Sai kaka.” Ka san ta, in ta rufe baki ko da lauje ba ka buɗe shi.

Ranar da za ta koma, muna shan gahawa a gindin mangwaro, sai ta ce, “Ɗauko abin nan naka in ga ko yatsan yana motsi.” Na ɗauko. Ba ya lanƙwasuwa sosai, likita ya ce wataƙila ya saki, wataƙila ya tsaya haka. Na ɗage shi sama na yi da sauran ukun. Na ja waƙar farkon nan har ƙarshe, karo na farko ke nan da na kai ƙarshenta, ina tuntuɓe ina tashi. Da na gama ta ce, “To.” Ta miƙe ta ɗauki sandarta.

Ukun farko na kusa da shinge sun yi holoƙo kamar yadda aka faɗa, awakin Inna Ammuna sun gode. Sauran sun kama, 'ya'yan sun fito kore shar. Yanzu saura zafin bazara, da ruwa, da ni da injin nan.

Tambayata, malam: ana iya koyon kamanja da yatsa uku? In ba a iyawa, kada ka faɗa mini, don na riga na fara.

Allah ya saka maka da alheri, maci amana.

Taifur

Omdurman, Oktoba 1979

Ƙanena Taifur,

Gaisuwa da fatan alheri. Buhu ya iso. Na ci, na raba wa maƙwabta. Dabino ya yi.

Dangi sun zauna. An samu wanda ya ce ai Gurashi ne ya hau. Na ce barbara wata guda ce, ruwa kuwa shekara ne, a faɗa mini wanda ya shayar da lambun duk bazara da hannu a ɗaure. Lambu yana hannunka. Gurashi zai riƙa hawa, ya ɗauki nonon 'ya'yan dabino guda a kowace itaciya kamar yadda ake ba kowane mai hawa. Ya yarda. Kai kuma ƙafarka ta sake barin ƙasa, ni da kai ne.

Kiɗan da ka yi mini ba daɗi, kada wani ya ruɗe ka. Amma na daɗe ban ga fuskarka a sake haka ba. Ka ci gaba.

Akwai abin da ban faɗa maka a Nuri ba. Daga Omdurman har Karima, ban tuna da dabino ko sau ɗaya ba. Kuka na yi ta yi a cikin mayafi, har wata mata ta tambaye ni wa ya rasu. Lambu in ya bushe a sake dasawa. Ƙane ɗaya gare ni.

Yanzu ka huta lafiya.

Yayarka,
Sittana